Tarihin Gyaran Gida A Zangonninmu Na Kurmi



Duk shekara idan ruwa ya fara ɗaukewa, ƙararrakin da ke zuwa ofishin ƙungiya sukan sauya kama. Rigimar kasuwa ta ja baya, ta gyaran gida ta shigo gaba. Wani ya kwashe rufi kuɗi suka ƙare masa, iyali na kwana a ɗakin maƙwabta. Wani birkila ya karɓi kuɗin jinga ya kashe waya. Wani kuma ya wayi gari ya ga jan fenti a bangonsa da takarda manne a ƙofa. Kusan kowannensu da magana ɗaya yake buɗe baki: gidana ne, kuɗina ne, ina ruwan wani? Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin abin, domin wannan magana ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba, ko a Arewa inda kakanninmu suka fito, balle a nan Legas.

Mu fara daga gida. A Kano da Zariya da Katsina, gyaran gida aikin kowace shekara ne kamar noma. Damina ta wuce, a zagaya a ga inda ruwa ya zaizaye, a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana biyu ta jiƙu, sannan a yi yaɓe. Mai hali ya sa makuba ta ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina, don ruwa ya riƙa zamewa. A gyara indararo, a toshe inda soro ke yoyo. Kuɗin ba ya zuwa gaba ɗaya ya danne mutum, saboda ƙasa a kududdufin unguwa ake ɗiba, ma'aikata kuma sun wadata da rani tunda babu aikin gona.

Amma ko a lokacin, ba kowa ke ɗaukar tubali ya ɗora yadda ya ga dama ba. Yaɓe kowa na iya yi. Ɗora azara, ɗaurin guga, bakan gizo da bene kuwa, aikin magina ne, sana'a ce ta gado, kuma tana da shugaba, Sarkin Magina. Shi ke tara magina idan za a gyara fada ko ganuwa, kuma wanda ya ɓata aiki ya san gaban wanda za a kai shi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin shekarun 1830 da 1840, kuma har yau ɓangaren aikinsa na tsaye a cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi. Doka ma akwai ta. Ba ka juya indararonka ya riƙa zuba a gidan maƙwabci, ba ka buɗe taga ta leƙa tsakar gidan wani, ba ka cin hanya. Ka yi, mai unguwa ya zo. Ka ƙi ji, sai gaban alƙali.

Akwai wani hali na ginin ƙasa da nake so a riƙe, don shi ne mabuɗin sauran labarin. Ginin ƙasa ba ya ɓoye ciwonsa. Idan ya gaji zai tsage, ya zubar da yaɓe, ya kumbura, mai gida ya gani da idonsa tun da sauran lokaci. Azarar giginya kuma tana da iyakar tsawon da za ta ɗauki nauyi, wajen ƙafa 6, don haka ita da kanta take ja wa magini burki.

Goro da shanu ne suka kawo mafi yawan iyayenmu Kurmi. Jirgin ƙasa daga Legas ya isa Ibadan a 1901, dogo ya kai Kano a 1911, sai tashoshi irin Agege suka zama matattarar fatake. A nan suka tarar da abu biyu da suka sauya musu lissafi. Na ɗaya ruwan sama. Soron ƙasa ba ya jure daminar Kurmi, dole aka koma bangon ƙasa da rufin ciyawa, daga baya kwano, aka kuma ɗauki tsarin gidajen nan masu dogon lungu a tsakiya da ɗakuna na kallon juna. Na biyu, ƙasar ba tamu ba ce. Da izinin masu gari aka zauna.

Inda aka fi rubuta wannan zama dalla-dalla shi ne Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Abin da ya gani duk wanda ya tashi a Zangon Agege zai gane shi. Gida a zango jari ne kafin ya zama wurin kwana. Mai gida shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba mahauta shanu bashi. Ɗaki ɗaya da ka ƙara, baƙo ɗaya ka ƙara, la'ada ta ƙaru. Daga nan muka gaji ɗabi'ar nan ta cewa duk wani fili da ya rage a gida asara ne: a cinye tsakar gida, a cinye baranda, a matse bayan gida, a manna shago a gaba. Cinikin gida da rigimarsa kuwa a gaban Sarkin Hausawa da dattawa ake yi, kuma abin da mutum ke saye shi ne ginin da damar zama. Shaidu su ne takarda. Tsarin ya yi aiki shekaru masu yawa, domin kowa ya san kowa, kuma wanda ya ci amana a Ibadan labarinsa zai riga shi isa Shagamu da Agege.

A daidai lokacin, hannun hukuma na ta miƙowa daga tsibirin Legas. Tun 1863 Turawa suka yi dokar gyaran gari, a 1917 kuma suka yi dokar birane wadda ta sa Legas a aji na ɗaya. Talaka bai san waɗannan sunaye ba. Abin da ya sani shi ne duba-gari, wanda Yarabawa ke kira wole-wole, mai shiga gida ya leƙa randa da masai da kwata ya rubuta sammaci. Abin da ya tsananta al'amarin shi ne annobar ɓeraye da ta shigo Legas a 1924. Saboda ita aka kafa hukumar raya birnin Legas, LEDB, a ƙarƙashin dokar 1928, aka rushe unguwanni masu cunkoso irin Oko Awo, aka tura jama'a Yaba da Ebute Metta. A 1955 aka sake wani rusau a tsakiyar tsibirin, aka kwashe mutane zuwa Surulere. An biya diyya, an kuma ce masu gidaje na iya sake sayen filayen bayan an tsara su, amma farashin ya fi ƙarfin da yawansu. Tun daga wancan lokaci hukuma a Legas ta ɗauki gini a matsayin sha'anin lafiyar jama'a, ba ta sake sakin wannan igiya ba.

Mu a Agege abin bai taɓa mu da wuri ba, saboda muna ƙarƙashin Jihar Yamma ne, ba Legas ta tarayya ba. Akwai dokar tsara gari da karkara ta 1946, an kuma kafa hukumar tsara yankin Ikeja a 1956, amma ma'aikatanta ba su kai yawan gine-ginen da ke tashi ba. Sai a 1967 aka ƙirƙiri Jihar Legas, a 1972 aka haɗe hukumomin wuri ɗaya. Ma'ana, gidaje da yawa da muke ciki yau an gina su ne a zamanin da babu wanda ya nemi zane, babu wanda ya rubuta zurfin fandisho. Wanda ya haƙa shi ya rasu, ya tafi da iliminsa.

Sai siminti ya zo. Masana'antar Nkalagu ta fara aiki a 1957, ta Ewekoro da ke kusa da mu a hanyar Abeokuta ta biyo a 1960. Da farko abin da masu gidaje suka yi shi ne shafe bangon ƙasa da filasta. Gida ya yi kyau, an huta da yaɓen kowace shekara. To amma an rufe wa bango baki. Ruwa zai shiga ta ƙasa ko ta inda kwano ke yoyo, ya ci ƙasar daga ciki, filasta na nan sumul kamar ba komai. Har yau akwai gidaje a tsofaffin layukanmu da mai gidan kansa zai rantse da bulo aka yi su, sai ranar da aka zo fasa ƙofa a ga jar ƙasa na zubowa.

Shekarun 1970 su ne suka juya komai. Kuɗin mai sun shigo, an biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji da bashin watanni a farkon 1975, kowa ya tashi gini. A shekarar ce gwamnati ta yi odar siminti wajen tan miliyan 20, mafi yawa da sunan ma'aikatar tsaro, alhali tashar Legas ba ta iya sauke abin da ya wuce kusan tan miliyan 1 a shekara. Jiragen ruwa sama da 400 suka yi layi a bakin Apapa, ana biyansu kuɗin jira kullum, siminti na shan raɓar teku har wani ya daskare a cikin jirgi. Gwamnati guda da manyan ma'aikatanta ta sayi kaya ba tare da lissafin inda za ta sauke su ba. Idan na ga ɗan uwa ya jibge buhu 100 a zaure tun bai kira mai awo ba, wannan labari nake tunawa. Siminti ba hatsi ba ne. A irin damshin Legas, bayan wata 3 ƙarfinsa ya fara raguwa ko da buhun bai fashe ba.

A wannan zamani ne bene ya zama alamar arziki, kuma a nan ne matsalar da ta fi kowace kashe mutane ta samo asali: ɗora hawa a kan gidan da aka yi don ya ɗauki kwano kawai. Bari mu yi lissafin da ba a cika yi ba. Kankare mai faɗin mita 1, tsawon mita 1, tsayin mita 1, nauyinsa wajen kilo 2,400 ne. Dekin da aka saba zubawa kaurinsa inci 6 ne, wato kowace murabba'in mita tana da kilo 360. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 zai ɗauki dekin da ya haura tan 4 da rabi, nauyin buhun siminti sama da 90. Ɗaki ɗaya ke nan, ba a ɗora bulon sama ba, ba a sa tayil ba, mutane da kayansu ba su hau ba. Tankin ruwa mai lita 2,000 da ake ɗorawa a kai, tan 2 ne idan ya cika. Duk wannan zai sauka ne a kan fandishon da kakanmu ya haƙa da tunanin katako da kwano. A jar ƙasar tudu irin ta Agege wani lokaci a tsira. A wuraren da aka cike fadama, irin Ijora da sassan Ajegunle, gini kan fara nutsewa ta gefe ɗaya. Kankare kuma, saɓanin ginin ƙasa, yana iya riƙe ciwonsa shekaru, rodi na tsatsa a ciki, sannan ya sauka cikin daƙiƙa kaɗan.

Wa ya gaji kujerar Sarkin Magina a nan? A Legas ta dā akwai gwanayen magina daga cikin 'yantattun bayin da suka dawo daga Brazil, waɗanda ake kira Aguda. Ɗayansu, João Baptista da Costa, shi ya jagoranci ginin masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Su ma sana'ar gado ce da koyo a hannun ubangida. Da aka doshi 'yancin kai sai ilimin ya koma makaranta, ya kuma rabu gida-gida. Injiniyoyi sun kafa ƙungiyarsu a 1958, masu zanen gini a 1960. Gwamnatin soja ta kafa hukumar rajistar masu zanen gini, ARCON, a 1969, ta injiniyoyi, COREN, a 1970, ta masu ƙididdigar kuɗin gini a 1986, ta ƙwararrun magina, CORBON, a 1989. Abin da mutum ɗaya ke riƙe da shi a kansa a Zariya ya zama aikin mutum huɗu: mai zane ya tsara ɗakuna da iska da haske, injiniya ya lissafa nauyi da yawan rodi, mai ƙididdiga ya fitar da adadin kaya da kuɗinsu, magini mai rajista ya tsaya a kan aikin. Kowanne yana da hatimi da lamba, kuma ana iya ƙwace masa lasisi.

Mu kuwa muka tsallake su duka muka riƙe birkila, muka kuma ɗora masa rawanin injiniya. A wuraren aikinmu duk wanda ya sa hular kwano ya riƙe tef, sunansa injiniya. Ba raina birkila nake ba. Akwai masu hannu mai kyau ƙwarai a cikinsu, 'yan uwanmu da Yarabawa da mutanen Kwatano da Togo, kuma in ba su ba babu gini. Amma aikinsa jera bulo ne da filasta. Ka tambaye shi ko bangon nan zai ɗauki bene, zai ce zai ɗauka, don idan ya ce a'a ya kori aikinsa da bakinsa. Ba shi da sarki a sama da shi, ba shi da lasisin da zai ji tsoron rasawa. Wanda ya kamata a tambaya shi ne wanda za a biya kuɗin dubawa ko an yi aikin ko an fasa. Irin wannan zai sa a haƙa gefen fandisho a ga zurfinsa, a gwada ƙarfin ginshiƙai, ya rubuta rahoto ya buga hatimi. Jihar Legas ma tana da ɗakin gwajin kayan gini tun 2006, inda ake gwada bulo da rodi da kankare, har da tsohon gini ba tare da an fasa shi ba. A ganina da wuya kuɗin wannan dubawa ya kai na dekin ɗaki ɗaya.

Ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Abu biyu a cikinta sun shafi mai gyaran gida kai tsaye. Sayar da gida ko jinginar da shi a birni na buƙatar amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. Don haka rasidin da dangin masu ƙasa suka ba kakanka da shaidar dattawa ba za su karɓo maka rancen banki ba. Na biyu, idan gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, diyyar da take biya ta abin da aka gina ce a kai. Mu da muka ga aikin gadar Pen Cinema da sabon layin dogo sun ratsa Agege ba sai an yi mana dogon bayani a kan amfanin takarda a irin wannan rana ba.

Batun kuɗi kuma, daga 1986 da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP aka karya darajar naira, farashin kayan gini bai sake zama wuri ɗaya ba. Daga nan gini kaɗan-kaɗan ya zama al'ada: bana a yi linta, baɗi a zuba dekin, a bar rodi tsirara yana shan ruwa shekara uku. Ko da aka buɗe manyan masana'antu irin ta Obajana, har ƙasar ta daina dogaro da simintin waje, farashi bai sauko yadda aka yi fata ba. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, buhun da ake saye ƙasa da naira 5,000 ya haura 10,000 a wurare da dama a Fabrairun 2024, har ministan ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka ce a sayar tsakanin 7,000 da 8,000.

Wannan hawa da sauka ne ya kashe tsohuwar jinga. A dā ka yi jinga da magini a kan kuɗi kaza, kaya da aiki duka nasa, ku tafa, magana ta ƙare, saboda farashin yau shi ne na wata uku masu zuwa. Yanzu idan kaya suka tashi a tsakiyar aiki, ɗayan biyu zai yi: ya gudu, ko ya rama a inda idonka ba ya kaiwa. Ya sa rodi mai milimita 10 a gurbin mai 12, ya buɗa tazararsu, ya ƙara yashi a kwaɓi, ya sayo bulon da za ka murtsuke da hannu, ya cire katakon da ke tallafe da dekin tun bai yi ƙwari ba don ya kai shi wani aikin, alhali kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Manyan kwangiloli sun daɗe da samo maganin wannan, kuma babu abin da ya hana mai gyaran ɗaki uku ya kwaikwaya. A rubuta adadin kaya tun farko, a raba kuɗin kaya da na aiki, a biya mataki-mataki bayan an duba wanda ya gabata, a riƙe kashi 5 cikin 100 har wata 6 a ga ko wani abu zai ɓullo, a kuma ware kamar kashi 10 don abin da ba a zata ba. A tsohon gida wannan kason na ƙarshe kusan kullum sai an taɓa shi, domin sai an ɗaga kwano ake ganin katakon da ya ruɓe. Wanda kuɗinsa bai kai ya gama rufi ba, kada ya fara cire kusa ko ɗaya. Tun ran gini ran zane.

Dokokin da ke kanmu yau kusan duk bayan an yi asarar rayuka aka yi su ko aka tsaurara su. A 1992 gwamnatin soja ta maye gurbin dokar 1946 da sabuwa, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Shi ya sa abin da ake nema a Legas ya bambanta da na Oyo ko Ogun, kuma 'yan uwanmu na can sai su bincika nasu. A 2003 ɗin dai dokar inshora ta wajabta wa mai gina abin da ya wuce hawa 2 ya yi inshorar ma'aikata da maƙwabta. A 2006 aka fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa. A 2010, zamanin Gwamna Fashola, Legas ta yi dokar da ta haifi hukumar ba da izinin gini, LASPPPA, da hukumar sa ido a kan gini, LASBCA, masu jan fentin nan. A ƙarƙashin wannan tsari, sauya fasalin gida, fasa bangon da ke ɗauke da nauyi, ƙara hawa, ko mai da gidan kwana shaguna ko makaranta, duk suna buƙatar izini, kuma akwai izini na musamman na gyara. Sashe na 74 na dokar ya ce ginin da ya rushe saboda sakacin mai shi, filin ya zama na gwamnati. Wato bayan asarar gida da shari'ar rayuka, har ƙasar ma ta tafi.

Duk da haka, ranar 13 ga Maris 2019 wani bene a Ita Faji da ke tsibirin Legas, mai makarantar firamare a samansa, ya rufta da yara a aji, mutum 20 suka rasu. An riga an yi wa ginin alamar rushewa kafin ranar. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 kuma bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard na Ikoyi ya sauka, ya kashe mutum sama da 40, har da mai ginin. Daga baya aka ga wasiƙar da kamfanin injiniyoyin da suka fara aikin ya rubuta tun Fabrairun 2020, yana janye hannunsa. Mai kuɗi ne, ya ɗauki masana, sun faɗa masa, aka ci gaba. Ma'aikatan hukuma ma ba wankakku ba ne, kowa ya san ana shafe jan fenti da sabon fenti idan hannu ya gaisa da hannu. Sai dai wanda ya karɓi na goro ba ya kwana a ƙarƙashin dekin.

Akwai wasu haƙƙoƙi da ba na hukuma ba, na mutane ne. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta ce ɗan hayar shekara, in babu wata yarjejeniya daban, wata 6 ake ba shi na sanarwa. Mai gidan da ya kwashe rufi ko ya fasa gini da sunan gyara don ya kori ɗan haya ba tare da umarnin kotu ba ya yi laifi, hukuncinsa tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata 6. Shi ma ɗan haya, idan zai sa tayil ko ya haƙa rijiya da kuɗinsa, sai da amincewar mai gida a rubuce yake da damar neman diyya ranar da aka tashe shi. Su kuma omo-onile da ke zuwa karɓar kuɗin fandisho da kuɗin rufi da kuɗin kowace tifar yashi, dokar kare dukiya da Gwamna Ambode ya sa wa hannu a 2016 ta haramta tare aikin gini don karɓar irin wannan kuɗi, ko da yake a aikace har yanzu suna zuwa.

Wanda ya fi duka wahalar warwarewa a teburinmu shi ne gidan gado. Mahaifi ya rasu, ba a raba ba, ɗa ɗaya da Allah Ya buɗa wa ya zuba miliyoyi ya gyara. Bayan shekara goma a zo rabo, shi ya ce a fitar masa da kuɗinsa, 'yan uwa mata da ke aure a Kano su ce ba wanda ya shawarce su, kuma ai shi ke karɓar haya. Kyauta ya yi, ko rance ya ba gidan, ko saye yake a hankali? Ba a faɗa ba, ba a rubuta ba, dattawan da suka san maganar sun rasu. Haka abin yake idan aka ba ɗan kwangila tsohon gida ya rushe ya gina bene, ya ci haya shekaru kaza sannan ya mayar. Shi lissafinsa ginin ya kai ƙarshen wa'adinsa, abin da ya biyo baya na magada ne.

A 2024 gwamnatin Legas ta buɗe ƙofar afuwa ta wasu watanni, ta ce masu gine-ginen da ba su da izini su zo su daidaita takardunsu ba tare da tara ba. Abubuwan da ake nema su ne shaidar mallaka, takardar safiyo, zanen ginin yadda yake a tsaye da hatimin masu rajista, rahoton ƙarfin gini, da shaidar biyan haraji. Da yawa daga cikin gidajen zango a abu na farko suke tsayawa, domin abin da ke cikin akwati rasidi ne da sunan kaka, wani ma da Ajami, magada kuma sun warwatsu daga Agege har Kumasi. Kafin a je ofishin izini sai an tara su, an yi rabo ko an wakilta mutum ɗaya a rubuce, sannan lauya ya bi sawun takardar filin. Wannan kaɗai yakan ci watanni, don haka mai niyyar taɓa rufi da rani mai zuwa, yanzu ne lokacin kiran 'yan uwa.

Sakataren Ƙungiya